Edita, a koya wa 'ya'yanmu kintace kafin su je intabiyu

Assalamu alaikum Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in amayar da wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan jiya. Wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, sai ka yi haƙuri da ni.

Ni 'yar Gombe ce, haifaffiyar Jekadafari, kuma ina aiki da wani ƙaramin kamfani na masu ba da shawara, irin waɗanda mutane ke kira kwansaltan. A watan jiya kamfaninmu ya kira matasa goma sha ɗaya intabiyu a Bauchi, ana neman mutum biyu. Ba ni da ta cewa a kan wanda za a ɗauka. Nawa aikin in zauna a gefe in rubuta abin da kowa ya faɗa. Na huɗun da ya shigo wani saurayi ne daga Misau, injiniya, sakamakonsa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Tun asuba ya taso, kayansa a goge, takardunsa a jere cikin fayil. Shugabar tawagarmu ta gaisa da shi, ta duba CV ɗinsa, sannan ta ce masa da Turanci: "A kintacenka, Keke Napep nawa ke yawo a cikin garin Bauchi a rana ɗaya?" Ya sunkuyar da kai, ya yi jim, ya ce gaskiya bai sani ba, bai taɓa ganin adadin a rubuce ba. Ta ce ba komai, ya gwada. Ya ce ba ya son ya faɗi abin da ba shi da tabbas a kai. Ta jira shi kusan minti guda. Ni kuwa biro na hannuna amma na kasa rubuta komai, domin maganar da ya yi ita ce na yi a Abuja a 2023, kusan harafi da harafi. Kafin la'asar, mutum bakwai cikin sha ɗayan nan sun faɗa wannan rami ɗaya.

Babu daƙiƙi ko ɗaya a cikinsu, Edita. Babu dai wanda ya taɓa gaya musu abin da ake nema a wannan ɗaki.

Bari in fara da aikin kansa, don har yau Goggona takan tambaye ni, "Wai ku me kuke sayarwa ne?" Wani kamfani ne ko ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar agaji za su ga wani abu ya cije musu: riba na raguwa, ko an zuba kuɗi a aikin noma ana son a san ko ya kai ga manoma, ko ana son buɗe reshe ba a san garin da ya dace ba. Sai su ɗauko mutanen waje na 'yan makonni ko watanni, su tattara bayanai, su yi lissafi, su dawo su ce ga inda ciwon yake, ga kuma magani. Manyan da duniya ta sani su ne Deloitte da PwC da EY da KPMG, waɗanda suka haɗa da binciken kuɗi da harkar haraji, suna da ofisoshi a Legas da Abuja. Sai McKinsey da BCG a Legas. Bayansu akwai ƙanana barkatai irin namu, masu bin ayyukan Bankin Duniya da na ƙungiyoyin agaji da na gwamnatocin jihohi. Tun da rikicin Boko Haram ya jawo hankalin duniya zuwa yankinmu, aka kuma kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas a 2017, irin wannan aiki ya yawaita a nan. Gombe kuwa a tsakiya take, ta yi iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba duka, shi ya sa ba a raba otal-otal ɗinta da taruka da tawagogin bincike.

To tunda abin da ake biya a wannan sana'a tunani ne, mai ɗaukar aiki tunaninka yake son ya ji da kunnensa. Yawanci za a tace CV, sannan a ba ka jarrabawa a kwamfuta, lissafi da karanta jadawali da fahimtar Turanci, agogo na gudu. Wannan namu sukan haye ta idan intanet bai yanke ba. Inda gizo ke saƙar shi ne mataki na gaba, wanda suke kira kes: a kawo maka wata matsala ta kasuwanci, a miƙo maka farar takarda da biro, ku warware ta kai da mai tambaya cikin minti talatin zuwa arba'in. In ka tsallake, sai ganawa da manyan kamfanin.

Na gama karatun tattalin arziki a 2021, na yi bautar ƙasa a Jihar Nasarawa a kan alawus ɗin naira dubu 33. Da na dawo gida, abin da na samu shi ne aikin tattara bayanai: a ba ka waya mai manhajar KoboCollect, ka bi ƙauyukan Kaltungo da Balanga da Nafada gida-gida kana tambayar magidanta, a biya ka kuɗin yini. A nan na fara ganin 'yan kwansaltan. Su sauka daga Abuja ko Legas, su yi kwana uku, su karɓi abin da muka sha rana muka tara, su koma su rubuta rahoto. Na ce a raina ni ma ina son in zauna inda ake fassara lambobin nan, domin ni na san fuskokin da ke bayansu. Na san matar da ta ce mini buhu huɗu ta samu bana alhali biyu daga ciki na bashin taki ne.

A watan Yulin 2023 wani kamfani ya aiko mini imel ranar Talata da yamma, wai in kasance a ofishinsu na Abuja ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. Ka tuna lokacin, Edita: an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya bi bayanta. Baba ya ce in je, amma ba ni kaɗai ba, sai Hammana, wato yayana, ya raka ni. Kuɗin mota ya zama na mutum biyu, zuwa da dawowa. Buhun wake biyu Baba ya fitar daga shagonsa na Tudun Hatsi ya sayar a ranar, a farashin da bai so ba. Muka bi ta Alkaleri da Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi, muka kwana gidan wata 'yar uwa a Mararaba. Duk tsawon hanyar nan hadda nake yi: ma'anar hauhawar farashi, shekarar da aka kafa kamfanin, sunayen daraktocinsa. Shirin jarrabawar makaranta na yi, don shi kaɗai na sani.

Wanda ya yi mini tambayoyi mutumin kirki ne, har ruwa ya miƙo mini. Ya ga Gombe a CV ɗina, sai ya ce, "Madalla. Buhun shinkafa nawa garinku ke ci a wata?" Na ɗauka tarko ne, ana son a ga ko zan yi ƙarya. Na ce ban sani ba. Ya turo mini takarda ya ce mu yi tare. Na kalli takardar, na kalli biron, na sake cewa ba ni da alƙaluman. A Islamiyya an koya mana cewa faɗin "ban sani ba" rabin ilimi ne, a gida kuma an koya mana yarinya ba ta yi wa babba shaci-faɗi. Na fito cikin minti sha biyu. Hamma na zaune gindin wata bishiya a bakin ƙofa. Da ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya tashi muka nufi tasha. Har yau kamfanin bai aiko mini ko layi ɗaya ba.

Daren da muka dawo, bayan sallar isha, Baba na zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya ce in gaya masa abin da aka tambaye ni. Baba bai yi boko ba, allo ya yi, sai shekara sama da talatin a kasuwar hatsi. Na gaya masa ina share hawaye. Ya ce, "Uwata, ai ba duba suka ce ki yi ba. Kintace ne. Ɗauko takarda."

Ya ce mutum nawa ne a garin Gombe? Na ce ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gombe mutum kusan dubu 270. Ya ce wancan lokacin Tumfure ai gonaki ne, yanzu gari ya ci hanyar Bauchi da ta Dukku da ta Biu, ga waɗanda suka taso daga Borno da Yobe suka zauna. "Sa dubu 600. In sun ce ya yi yawa, ki ce su ba ki nasu." Ya ce tukunya ɗaya mutum nawa take ciyarwa? Muka tsaya a kan takwas. Gida dubu 75 ke nan. Na fara ninkawa da buhu ɗaya-ɗaya, ya tsayar da ni. "Kin taɓa ganin gari ya ci abinci iri ɗaya? Raba su." Masu hali, ɗaya cikin biyar, gida dubu 15, su ne masu ɗaukar buhu mai kilo 50 duk wata: buhu dubu 15. Matsakaita, ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, gida dubu 30, rabin buhu, sauran kwanaki tuwon masara da taliya: wani dubu 15 ɗin. Masu awo da mudu, gida dubu 30, kwatan buhu in an yi sa'a: dubu 7 da ɗari 5. Jimla dubu 37 da ɗari 5. Ya ce, "Kin manta masu sayar da abinci a tasha da makarantun kwana da bukukuwan Asabar." Muka cike shi dubu 40.

Na ajiye biro ina tsammanin an gama. Ya ce saura a auna shi ta wata ƙofar, don dillalin da ya yarda da awo ɗaya ba ya daɗewa a kasuwa. Tirela na ɗaukar buhu 600. Dubu 40 a raba da 600, tirela sittin da 'yan kai a wata, wato kamar biyu a rana. Ya yi shiru yana ƙirga abin da idonsa ke gani yana shigowa gari, da abin da injinan cikin gari ke casa, da abin da ƙananan motoci ke ɗaukowa daga wajen Dadin Kowa. Ya ce, "Bai yi nisa ba. In akwai kuskure, ba na kunya ba ne." Ban kawo wannan lamba don a ɗauke ta ƙididdiga ba, kintacen uba da 'yarsa ne a tsakar gida. Amma daga baya na gane abin da Baba ya yi a daren nan shi ne daidai abin da mutumin Abuja ya so in yi: ka faɗi zatonka a fili, ka raba babbar tambaya zuwa ƙanana, ka yi lissafi ana ji, sannan ka auna amsar ta wani ɓangaren.

Na ce masa, to Baba, maganar "ban sani ba" fa? Ya ce malamai fatawa ba ilimi suka hana, da shaidar abin da ba ka gani ba. Ba su hana manomi ya dubi gonarsa ya ce za ta ba da dami kaza ba. Ya ce ko a babin zakka ai ana kintacen dabino tun yana kan bishiya. Sharaɗin kawai ka ce kintace ne, ka kuma nuna inda ka samo shi. Wannan magana ta kwance mini wani ƙulli da digiri bai kwance ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami: na tafi Abuja neman abin da yake cikin gidanmu.

Wata shida muka yi ni da wata ƙawata muna gwaji kullum bayan magariba. Akwai bidiyoyin koyar da kes a YouTube birjik, amma misalansu kamfanonin jiragen sama ne da shagunan Amurka, abin da ba mu taɓa taɓawa ba. Sai muka riƙa sauya su da namu. Buhun simintin Ashaka nawa unguwar da ake sabbin gine-gine za ta sha a shekara? Me ya sa tumatirin Kwadon ke ruɓewa lokacin kaka, ya yi tsada da bazara, kuma wa zai ci riba in ya gina wurin ajiya mai sanyi? Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yin tunani da Hausa ina magana da Turanci a lokaci guda. Dabarar da na samu ita ce in nemi minti ɗaya, in tsara abin da zan faɗa a takarda da Hausata, sannan in ɗago kai in faɗe shi da Turanci. Babu mai tambayar da ya taɓa hana ni wannan minti.

A farkon 2024 kamfanin da nake yi wa aiki yanzu ya kira ni. Zagayen farko ta Zoom aka yi, na je wani shagon kwamfuta mai janareta na biya kuɗin awa biyu don kada wuta ta kunyata ni. Matsalar da aka ba ni ta wani injin casar shinkafa ce, na misali: cinikinsa ya ƙaru amma ribarsa ta faɗi, mai shi na son ya san dalili. Wannan karon ban yi shiru ba. Na ce riba ita ce abin da ya shigo a cire abin da ya fita, don haka zan duba ɓangarorin biyu, kuma tunda ciniki ya ƙaru, zan fara da kashe kuɗi. Na tambayi farashin shanshera, na tambayi dizal, da albashin leburori, da kuɗin buhu. Matar da ke tambayata ta ce duk sun tashi, amma injin ya ƙara farashinsa daidai da tashinsu. Nan na ɗan tsaya. Sai na tuna yadda Baba ke cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo ƙwaya ya ciza kafin ya yi tayi. Na ce, kilo 100 na shanshera, kilo nawa na tsabar shinkafa yake ba su a da, nawa yake ba su yanzu? Ta yi murmushi ta ce da 65, yanzu 58.

Daga nan hanya ta buɗe. In suna casar tan 1,000 a wata, tan 70 ke salwanta, buhu 1,400 ke nan masu kilo 50. Na ce zatona saboda gaggawar cika oda sun koma saye hannun dillalai lokacin kaka, ana auna musu shanshera da danshinta, suna biyan kuɗin ruwa a matsayin kuɗin shinkafa, in ta shiga inji kuma ta kakkarye ta zama tsaki. Shanshera tana son danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa. Shawarata: su sayi na'urar auna danshi su ajiye a bakin sikeli, su biya gwargwadon bushewa, su gina dandamalin shanya, su ƙulla ciniki kai tsaye da ƙungiyoyin manoma. Ta tambaye ni haɗarin da ke cikin shawarar. Na ce dillalai za su iya juya kayansu zuwa wani injin, don haka kada a yanke su rana ɗaya. Ba duk abin da na faɗa ne ya burge ta ba. Ta nuna mini na manta da kuɗin da ake samu a dusa da ɓuntu, na ce gaskiya ne, na gyara lissafin a gabanta. Daga baya ta gaya mini yadda na karɓi gyaran ya ƙara mini maki.

Akwai wani dutsen kuma da namu ke tuntuɓe da shi, shi ne lokacin da aka ce, "Ba mu labarin wani abu da kai ka jagoranta." Mun tashi da jin yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Saboda haka ɗan Arewa zai ce "mun yi", "an yi", "Allah ya taimaka aka samu nasara", mai tambaya kuwa yana ta laluben inda hannun wannan mutum yake a cikin aikin bai gani ba. A Bauchi na ga wata yarinya da ta shirya wa yara sama da ɗari darasin hutu a unguwarsu, amma sai da aka yi mata tambaya huɗu kafin ta yarda ita ta fara shi. Ni yadda na sasanta abin da zuciyata shi ne na ɗauke shi shaida, ba kirari ba. Mai shaida yakan faɗi abin da ya faru ne yadda ya faru. Na ba su labarin adashen Innarmu na mata 24 da rigima ta kusa wargaza shi saboda ba a rubutu; ni na buɗe littafi, na tsara kwasa, na riƙa tura wa kowa lissafi ta WhatsApp, adashen ya zagaya sau biyu ba a sake jin kan kowa ba. Ban ƙara gishiri ba, ban kuma ɓoye cewa ni na yi ba. Ga 'yan uwana mata: da hijabina na shiga, da aka miƙo hannu na dafa ƙirji na gaisa, ba wanda ya riƙe ni da shi. Abin da ba za a yafe miki ba shi ne muryar da ba a ji.

Na san masu karatu da yawa za su ce duk wannan ɓata baki ne, aiki a ƙasar nan sai da hanya. Ba zan ce babu sanayya ba, ina da ido. Amma ni ba Baba ba Hamma, babu wanda ya san ko maigadin kamfanin nan. Kuma wannan sana'a ce da rago ba ya ɓuya a cikinta, don ranar da aka tsayar da kai gaban kwamishina ko mai masana'anta, wanda ya kawo ka ba zai amsa maka tambaya ba.

Su ma kamfanonin ina da magana da su, har da irin namu. Kiran mutum daga Gombe zuwa Abuja da sanarwar kwana biyu, ba kuɗin mota, ba masauki, tacewa ce tun kafin a fara intabiyu, kuma talaka take tacewa. Wanda ya sayar da buhun wake ya zo, ko bai ci ba, ya cancanci layi biyu na imel. Sai sharaɗin shekaru: wasu tallace-tallacen sukan ce kada mai nema ya wuce shekara 26. Yajin aikin jami'o'i na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Yaron da ya fara firamare a makare a ƙauye, ya zauna JAMB sau biyu, ya ci karo da waɗannan yajin, ya yi bautar ƙasa, ta ina zai shiga? Mata kuma a daina tambayarsu ko miji zai bar su su yi tafiya alhali ba a tambayar maza ko matansu za su bar su. A faɗi yawan tafiyar da aikin ke buƙata, kowa ya auna da gidansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a zo yankinmu a ɗauki 'ya'yanmu masu digiri aikin riƙe waya a kan kuɗin yini, a ce ba a samu wanda ya iya nazari ba, alhali ba a taɓa gaya musu yadda ake gwada nazarin ba. Bayan abin da na gani a Bauchi, na roƙi shugabarmu mu riƙa haɗa takardar gayyata da bayanin yadda intabiyun zai kasance da misalin tambaya ɗaya. Ta amince. Ko sisi bai ci mana ba.

Matasa kuma su kula: duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin tantancewa kafin a kira ka intabiyu, ɗan damfara ne.

Roƙona ga malamanmu na manyan makarantu. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, da ta Tarayya a Kashere tun 2011, da ta jiha a Gadau, ban da kwalejojin kimiyya da fasaha. Yamma ɗaya a mako ga 'yan ajin ƙarshe ta isa: a zaunar da su biyu-biyu, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya warware da baki, sannan su sauya. A gayyato tsofaffin ɗalibai da ke wannan aiki, a gayyato ma irin su Baba daga Tudun Hatsi da kasuwar Muda Lawal ta Bauchi su nuna yadda ake auna kasuwa. A sansanin masu bautar ƙasa na Wailo da ke Jihar Bauchi ana yin mako uku, har da koyar da sana'o'in hannu. Awa biyu daga ciki za su wadatar da wannan. Kai kuma Edita, da za ka ware ɗan gurbi duk mako ka buga tambaya ɗaya irin wannan da Hausa, masu karatu su aiko da yadda suka bi, mako na gaba a warware ta, ni na ɗauki alkawarin rubuto tambayoyin kyauta.

Saurayin Misau bai samu aikin ba. Na nemi izinin shugabarmu na kira shi bayan mako guda, na gaya masa abin da aka so ya yi, na ce mu sake gwada tambayar Keke Napep ɗin ta waya. Ashe duk hutun makaranta keken yayansa yake ja a cikin Bauchi. Ya san sawu nawa ake yi tsakanin Wunti da Yelwa kafin azahar, ya san man da keke ke sha a yini, ya san yadda layi ke cika a bakin Muda Lawal ranar da kaya suka sauka. Ya fara daga yawan masu hawa, ya raba su ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, ya raba da abin da keke ɗaya ke ɗauka a yini, sannan da kansa ya ce bari ya auna ta yawan tashoshi ya gani ko za su haɗu. Minti goma ya yi. Da ya gama ya yi shiru, sannan ya ce, "Adda, wai dama wannan ne kawai?" Wani kamfani ya kira shi ƙarshen watan nan. Ranar Asabar za mu sake zama ta waya, shi da ƙannena biyu, a kan tambayar siminti.

Wassalam.

Taku,
Wata mai karatu daga Jekadafari, Gombe